Gwiwar Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tasi a Valparaíso,
garin da aka rataye a jikin duwatsu kamar shanya.
Kowane titi, in ba hawa ba, gangara ne,
teku kuma tana ƙasa, tana jiran wanda birkinsa ya ƙi kamawa.

Cikin sanyin Yuni gwiwata ta hagu ta fara ƙorafi.
In shafa man zafi da dare, in ɗaure da tsumma.
Ƙanwata Ximena ta ce, shekaru ne, ki haƙura.
Likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila,
ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa,
bai ga komai ba, sai kuɗin da na biya kafin fitowa.

Don Eleuterio ne ya gano.
Fitila ɗaya ta mutu, ita ta kai ni garejinsa.
Ya shiga zai matsar da motar daga bakin ƙofa,
ya taka kuloci sau ɗaya, ya leƙo ya dubi ƙafata.
Tun yaushe kike danna wannan dutsen?
Na ce, ai haka yake.
Ya ce, nauyin da ya shigo da kaɗan-kaɗan,
mai ɗauke da shi ne na ƙarshen ganewa.

Bai yi garajen kwance komai ba.
Ya fara da mai araha:
ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya ɗiga wa gindin feda mai,
ya cire waya, ya ja ta da hannu, ta zame sumul.
Ba ita ba ce.
Ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya saki a hankali.
Injin da ya kamata ya mutu nan take
ya yi ta kuka, ƙauri na tashi.
Ya goge hannu. Ciwon yana ciki, sai an sauke giya,
kuma ba aikin yau ba ne, ki tafi gida ki samu kwanciya da hutawa.

Jikarsa Maite ce ta shiga ƙarƙashi da safe.
Ta tsiyaye mai, ta zare ƙarafan taya,
notuna suna faɗawa gwangwanin kifi ɗaya bayan ɗaya.
Akwatin giya ya sauko kan jak kamar ɗan maraƙi, yana tirjewa.

Suka kira ni in gani.
Faranti ya cinye har kan ƙusoshinsa.
Yatsun murfin sun lotsa, sun ƙage.
Boris, da ta juya shi kusa da kunnena, yashi yake taunawa.
Bututun da yake zamewa a kai ya bushe ƙamas,
baƙar ƙura ta daskare masa kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Don Eleuterio ya ce, ga gwiwarki nan.
Kina riƙe mota a kan tudu da ƙafa,
alhali ga birkin hannu kusa da ke yana hamma, ba mai taɓawa.

Ta wanke, ta shafa giris, bai fi ƙwayar wake ba.
Ta daidaita sabon faranti da sandar wata tsohuwar giya,
ta ɗaure notuna, wannan, sai na gabansa, ba a jere ba.
Akwatin ya ƙi komawa. Ta zage shi, ta lallashe shi,
ta ɗan murɗa, sai ƙwas.
Kuɗin kwana tara na ƙirga masu, hannuna yana rawa.

Takun farko ƙafata ta doki ƙasan mota,
kamar wadda ta yunƙura ɗaukar tulu, ashe ba ruwa.
Na hau Playa Ancha da fasinja huɗu da buhun albasa.
A tsakiyar tudu danja ta tsayar da mu,
na ja birkin hannu, na sauke ƙafa, na dubi jirage a tasha.
Gwiwar ta yi shiru.
Ximena har yau shekaru take cewa.