Gonar Taku Bakwai

Taku bakwai daga bakin zaure zuwa gindin randa,
taku huɗu daga bango zuwa igiyar shanya.
Iyakar gonata ke nan a Garin Malam.
Ubana a Mirya sai hantsi ya dubi ludayi
bai kai ƙarshen kunyarsa ba.
Ni nakan zagaye tawa kafin shayi ya tafasa.

Shekara talatin ina jan babbar mota zuwa Agadas.
Abin da hanya ta bar mini:
ciwon baya, da tsofaffin tayoyi shida.
Na kwantar da su jikin bango,
na cika cikinsu da ƙasar bakin tabki,
da tokar murhu, da kashin awakin Bukari maƙwabcina.
Tayar da ta san Tanut cikin duhun dare
yau yakuwa take goyo.

Ruwa fa?
Baƙo ne kai a Damagaram, tunda ka tambaya.
Famfonmu yakan kwana uku yana tari, bai tofa komai ba,
ɗan ga-ruwa kuma ba ya jin "sai gobe".
Shi ya sa ruwa a gidan nan sau biyu yake aiki.
Na wankin shinkafa ya wuce wurin tumatur.
Na alwala ina tare shi a tasa,
kuɓewa ta sha sau biyar a yini.
Cima ta ce ta fi wasu mazan unguwa kiyaye lokaci.

Bara na manta ƙofa a buɗe.
Akuyar Bukari ta shigo, ta aske salati ƙwal,
aikin kwana arba'in.
Na tafi da faɗa cike da baki.
Ya saurare ni har na gama, ya ce,
"Ai takinta ya raine shi, Malam Harou,
bashinta ta zo karɓa."
Na dawo ina dariya, ina jin haushi,
na ɗaure ƙofar da waya.

Ban ce gonar tana ciyar da mu ba.
Hatsi har gobe daga kasuwar Dole yake zuwa.
Ƙadangare yana da rabonsa, tsutsa tana da nata,
rana kuma in ta gasa duwatsun Birni
ba ta tambayar wane ne ya sha wahala.
Amma akwai daren da Cima ta kaɗa miya
ba ta aiki kowa ko'ina ba:
kuɓewa tara, tumatur uku, barkono biyu,
duk daga tsakanin zaure da randa.
Na ci a hankali, kamar mai karanta wasiƙa.

Jikata Magaram ta shuka wake a gwangwanin madara.
Kullum da safe sai ta tone shi
ta ga ko ya farka.
Na hana, na hana, na gaji.
Jiya na same ta tsugune, hannuwa a baya,
ta riƙe ɗaya da ɗaya don kada su taɓa.
Kore ya fito, bai kai farce ba.