Zagaye Dubu Bakwai

Ƙofar shagon babanmu ce,
gara ta ci gindinta, ta bar mana ƙirjin.
Hamma Gidado ya kwantar da ita a zaurenmu na Bolari,
ya zana mata ƙugu da alli,
ya ce akwai murya a katakon nan,
shekara talatin tana sauraron ciniki, ba ta taɓa tankawa ba.

Maɗaci ne.
Duk wanda ya ratsa zauren sai ya fita da ɗaci a harshe.
Zarto ya kwana huɗu yana tari,
magagari ya biyo baya yana lallashi.
Dada ta ce garin katako ya kai har cikin miyarta,
ta ce kafintan kirki kujera yake yi,
abin da mutum zai zauna a kai,
ba abin da zai rungume ba.

Wuyan jitar ƙirya ce, mai taurin kai.
Ya tsaga mata layi ashirin da ɗaya,
ya dasa wayar ƙafar keke a kowanne.
Tazarar farko yatsa biyu ce,
daga nan ta riƙa tsukewa, tana tsukewa,
kamar kuɗin cefane in wata ya yi nisa.
Ƙashin da tsirkiya za ta hau,
Ɗanjuma mahauci ya bayar kyauta,
da sharaɗin a kaɗa masa ranar suna.

Ni aikina ƙirge.
Tsohuwar rediyo muka farke wa ciki,
muka zaro jar waya, siririya kamar gashin jinjiri,
za a naɗe ta a jikin maganaɗisu.
Ya ɗaura a keken ɗinkin Dada,
yana takawa, ina ƙirgawa,
kowane ɗari in jefa ƙwayar wake a gwangwani.
A dubu huɗu da ɗari uku da sha shida
na yi atishawa.
Waya ta tsinke.

Bai ce komai ba.
Ya fita, ya wanke fuska a bakin randa,
ya dawo ya warware duka, ya zauna.
Ya ce: ɗaya.

Wake saba'in, sannan muka tsoma ta a kakin zuma.
Ƙaurin dalma ya kori sauron zaure.

Ranar gwaji wuta ta zo bayan isha'i.
Ya jona ta da lasifikar aro,
bai ma taɓa tsirkiya ba
sai ga gunji kamar an zunguri amya,
daga cikin gunjin kuma wani mutum
yana cigiyar jar saniya da ta ɓata a hanyar Kumo.

Dada ta yi dariya har ta dafa bango.
Wata uku, in ji ta,
ka ƙera rediyo mai dogon wuya!
Waya dai ba ta manta gidan da ta tashi ba.

Hamma ya ɗauki ƙusa mai inci shida,
ya kafa ta a danshin gindin randa,
ya ja waya ya ɗaura.
Mai cigiya ya bi ta, ya shige ƙasa da saniyarsa.

Shiru.

Sai ya sa babban yatsa ya ja mai kaurin.
Kwanon rufi ya amsa.
Ruwan randa ya yi yamutse.
Na ji ta a haƙarƙarina kafin ta iso kunne.

Har yau tsirkiya ta uku tana yin ƙarya
in an kai layi na sha biyu.
Ya ce zai gyara bayan damina.

Jiya da hantsi, baya nan,
na leƙo na ga Dada tana goge mata ƙura da haɓar zane.
Ta tsaya inda tabon sakata yake,
ta ƙwanƙwasa sau biyu da bayan yatsa,
ta karkata kunne,
kamar mai jiran a ce mata: shigo.