Jimar Sama

Da asuba nake sakin balan-balan
a bayan filin jirgin Damagaram,
da ɗan akwati rataye a gindinsa
kamar laya a wuyan ɗan akuya.
Yana hawa yana kumbura, yana aiko mini da lambobi:
sanyi kaza, iska ta karkata yamma.
Wajen kilomita talatin sai ya fashe.
Nan ganina ya tsaya.
Abin da ke gaba, a takarda na san shi.

Da hantsi na biya ta majema.
Baba Kalla na tsugune gaban kwatarniya,
bagaruwa ta rina hannunsa har gwiwa.
Bai ɗago ba ya ce,
"Barira, yau me samanku ta ce?"

Na ce, Baba, rana ta yi atishawa shekaranjiya.
Tartsatsinta na tafe,
ƙanana, ƙwayar gero dutsen Birni ce a gabansu,
kuma gudunsu ya fi ƙarfin baki.
Sai dai duniya na da shingen maganaɗisu
mai kora su kamar makiyayi,
wasu arewa can ƙarshe, wasu kudu can ƙarshe,
inda dare ɗaya kan yi watanni bai waye ba.

Can suke faɗa wa iska.
Naitirojin, da ke zaune bibbiyu kamar tagwaye,
sai a raba shi da ɗan'uwansa.
Wanda aka raba ba ya zama haka nan:
ya cafki oksijin, ya koma abu mai ci.
Da akwai hasken rana, da ya warware shi tun a can,
amma duhu ya ba shi masauki.
Sai ya riƙa saukowa sannu,
wata ɗaya, wata biyu,
yadda ruwan toka ke tsiyaya ta ƙasan kasko,
har ya tarar da ozon,
siririyar fatar da aka shimfiɗa mana
tsakaninmu da ƙunar da ido ba ya gani.
Ya ci ɗaya, ya goge baki, ya ci na gaba.
Ba ya ƙoshi, ba ya ƙarewa da wuri.

Baba ya tsamo fata, ya matse,
ya ɗaga ta saitin rana yana duba inda haske ya ratsa.
"Toka ba gaba take da fata ba," in ji shi,
"daɗewa ce ɓarnarta.
Zai iso mana nan?"

Na ce, mu muna tsakiyar garkuwa, kaɗan ke ratsowa.
Amma iska igiya ɗaya ce,
in an ja ta can, ba a san inda za ta motsa ba.
Masana na nan suna lissafi.

"Tana warkewa?"
Na ce, in rana ta dawo, ita ke sake saƙa ta.

Ya yi shiru. Ƙuda ya sauka a kafaɗarsa.
"To majemin can ya fi ni.
Ni wadda na ɓata ba ta komawa jikin akuya."

Da magariba na hau dutse, na zauna.
Duwatsu na mayar da zafin da suka ranta.
Sama lumui, ko tabo babu,
ba ka ce ana aiki a cikinta ba.
Gyalena na warin bagaruwa.
Gobe akwai wani balan-balan.