Zanen Fensir a Ƙarƙashin Daɓe

Ran Talata aka jawo jirgin wani baƙo cikin tashar Muros,
jigonsa ya karye gida biyu,
wayoyi na jan ciki a bayansa kamar hanjin kifi.
Mai shi na zaune, bargo a kafaɗa,
bai ce da kowa uffan ba.
Na juya na dubi namu jigon.
Waya ɗaya tak ke riƙe da shi ta goshi,
wadda ubana ya ɗaura tun ban yi wayo ba.

Da safe Eladio ya zo, sigari a bayan kunne,
ya ƙwanƙwasa daɓen Andoriña da ƙashin yatsa
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, Sabela, nan za ki huda.
Na ce, shekara talatin ko ƙusa ba ta taɓa wurin nan ba.
Ya ce, tsohonki kusa da gaɓa yake yawonsa,
ke kuwa tsakiyar teku kika sa gaba.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na auna sau huɗu.
Na ɗora bakin injin, na janye.
Ya ce, leƙa ta ƙasa tukuna,
katakon sama ba ya riƙe guguwa,
sai an ɗaure shi da haƙarƙarin jirgi.

Na rarrafa ciki da tocila a baki,
warin gishiri, warin tsohon fenti,
gwiwata a kan sarƙar anka.
Can a rufi, inda ba mai dubawa,
ga zanen fensir, ɗan gicciye,
da lamba bakwai mai karan tsaye irin nasa.
Daidai wurin. Ko faɗin farce bai kauce ba.
Ashe ya yi niyya.
Kuɗi ne suka gaza, ko kwana?

Na huda.
Garin katako ya zubo mini a gashi.

Sai hawa.
Iago, ɗana, shekara goma sha shida,
shi ke murza igiyar da nake lilo a kanta.
Yaron da na goya, yau nauyina duka a hannunsa.
Ya ce, Mama, kin ƙara ƙiba.
Na ce, murza, ka rufe min baki.
Daga sama ana ganin makabarta a gefen tudu,
ban tsaya neman layinsa ba,
sufana na zame mini, noti shida na jira.

Wayar ta sauko, ta kama daɓe, ta yi ƙara da na taɓa ta.
Eladio bai gamsu ba.
Abin da aka ja gaba, in ji shi, sai an ja shi baya,
in ba haka ba ya ranƙwafa a tsakiya.
Muka ƙara igiya biyu zuwa gindin jirgi,
hagu da dama,
a ɗaure ta wajen iska, a saki ɗayar.
Ya sa na maimaita ido rufe
har tafina ya yi kanta.

Filafilin hadarin kuwa abin dariya ne.
Ruwan goro, kauri kamar fatar sa,
bai fi mayafin gado ba,
ya ci mini albashin wata.
Muka ɗaga shi da la'asar, ko ganye ba ya motsi.
Ya rataye kamar wanki.
Masunta a kan gada suka yi ta shewa:
Sabela, yi hankali kada ya tashi da ke!

Na bar su.
Na sauke, na ɗaga, na sauke,
Iago na duba agogo: minti tara, minti shida.
Eladio ya ce, da dare ne zai zo, kina jiƙe, kina amai,
ki mai da shi huɗu.

Yanzu yana naɗe cikin buhunsa kusa da ƙofa.
Ban taɓa sayen abu da tsada haka
ina roƙon ya tsufa ban more shi ba.
Farantin ƙarfe ya rufe gicciyen,
amma na bar bakwai ɗin a waje.