Tafireta a Hawa na Huɗu

A Toledo aka yanke masa cibi,
Orrin Pawlak, ɗan mai gyaran agogo.
Abu guda uban ya koya masa:
kowane agogo maƙaryaci ne, kai dai ka san da minti nawa.

Shekara tara yana bin sawun 'yan sanda,
albashin jarida ba ya kaiwa Laraba.
Gawar farko da ya gani,
takalminta ɗaya sabo ne fil.
Takalmin nan ya bi shi cikin littafi goma sha ɗaya.

Sai Los Angeles ta yafito shi.
Suka ce: rubuto mana duhu, amma a ga fuskar jaruma.
Ya rubuta mai laifi ya tsira,
suka harbe shi a minti na tamanin,
suka ɗaura aure a kan kabarinsa.
Ya karɓi kuɗin.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran.

Delphine ta tafi wata Talata,
ta bar masa kyanwa da bashin haya.
Bai taɓa sa sunanta a labari ba,
amma duk macen da ta juya baya a shafinsa,
tafiyarta take yi.

Yanzu hannu na rawa.
Ruwa na dukan taga, fitilar otal na ƙyafta jan ido.
Ya kara agogon uban a kunne:
latti da minti shida, kamar kullum.
Ya zura sabuwar takarda.
Har yau bai gano sunan mai takalmin ba.