Riƙon Wuta

A amalanken shanu suka kawo ta rumfata
ranar kasuwar Roni, lulluɓe da zanen gado,
Fasto Tambaya na biye a ƙafa, tafinsa bisa katakon
kamar mai raka mara lafiya asibiti.

Ya ce sunanta ogan. A cocinsu ya tashi ya gan ta.
Damina tara ke nan ba ta waƙa,
in an ta da janareto sai gurnani.
Na jona, na ji da kunnena, na zare.

Na kwance bayanta: gidan zanzaro uku,
kashin ɓera, da wani kwabo mai huda.
Can ƙasa ga kafasitoci a tsaye, tsofaffin gwangwanaye,
ɗaya ya kumbura,
ɗaya ya yi dalala ta bushe fari fat kamar kanwa.

Yarona Ɗanliti ya kai hannu, na doke shi.
Kai! Abin nan riƙo gare shi.
Ka raba shi da wuta, bai huce ba,
yana nan da ita a ciki, yana jiran yatsa.
Na nuna masa tabon da ke babban yatsana,
sannan na zuƙe wutar a hankali,
yadda ake ba dattijo haƙuri.

Sababbin daga Kano direba ya kawo min su a ambulan,
ko ƙwallon dabino ya fi su.
Fasto ya juya ɗaya a tafi, ya dube ni, bai ce komai ba.
Na ɗiga dalma. Hayaƙi ya shigar min ido.
Sau biyu na duba ƙafafun kada in juya su.

Da muka kunna, kwalaben ciki suka yi ja kamar garwashi,
amma shiru.
Ya ce, ta mutu ke nan?
Na ce, shirun nan shi ka biya.
Taɓa.

Ya taɓa. Mai tsire ya bar fifita.
Ban san waƙar ba, shi ma yatsunsa sun manta rabi.
Ladan ya kira la'asar ta lasifikar da na gyara bara,
Fasto ya ɗaga hannu har aka gama.

Zan watsa tsofaffin a kwandon shara, ya ce a'a.
Ya ƙulle su a hankici,
ya sa a aljihun gaba.