Kujerar Alhamis

Shekara goma sha tara na yi ina taka rawa bisa siminti
a bayan gidan matasa na Tawa,
har gwiwata ta hagu ta ce ta gaji da ni.
Yanzu ni ke riƙe da littafin kuɗi.
Ba shi da wuyar riƙo:
shafin shiga fari fat,
shafin fita ya yi baƙi har gefe.

Mu ashirin da biyu ne.
Zali na tuyar ƙosai kafin ta zo gwaji,
Illa na kabu-kabu, ya iso da ƙugu a sandare.
Fatar babbar gangarmu ta huje tun damina,
mun liƙe ta da addu'a da robar taya.

Wata Alhamis sai ga Nomau Bizo,
mai albasa, wanda motocinsa ke kwana a hanyar Abijan.
Turare bai kori warin buhu daga rigarsa ba.
Bai kalli fuska ba, bai kalli adon kai ba,
ƙafafu ya tsura wa ido
yadda yake duban albasa ta gindi, inda ruɓa ke farawa.
Da kiɗa ya tsaya ya nuna diddigen Zali da ya tsage,
ya ce, wannan daɓen yana cin ku da rai.

Miliyan goma sha takwas.
Na jera sifiri ɗaya bayan ɗaya,
hannuna na rawar da ƙafata ta daina.
Daɓen katako mai ɗan lotsawa in an dira,
albashi duk ƙarshen wata har shekara uku,
likitan ƙashi, sabuwar fata ga ganga.

Muka zauna jiran ƙugiya.
Kifi ya san ba don Allah ake jefa masa tana ba.
Illa ya ce sunansa zai sa mu ɗinka a ƙirji.
Zali ta ce a'a, bikin ɗiyarsa za mu yi kyauta.
Na tambaye shi ba kwana-kwana, ya yi dariya:
kujera ɗaya, can baya, ranar Alhamis. Shi ke nan.

Ya kuwa tsaya kan maganarsa.
Bai taɓa cewa a ƙara ba, bai ce a rage ba.
Yana zaune da carbi, wani lokaci har gyangyaɗi.
Amma sau ɗaya, a rawar masu ɗibar ruwa,
ya ɗan gyaɗa kai.
Mako na gaba wurin ya ƙara tsawo,
ba wanda ya ba da umurni.
Sau ɗaya ya duba agogo a rawar makoki,
wadda muka shekara biyu muna ginawa da namu matattun.
Yau ba ta cikin jeri, ban san wanda ya cire ta ba.
Wataƙila ni ce.

Ga abin da littafina ba shi da shafinsa:
da can ƙofa muke fuskanta, inda jama'a ke shigowa.
Yanzu layi ya karkace kaɗan-kaɗan
kamar gawon da iska ɗaya ke bugu,
zuwa kujerar nan,
ko Litinin ce, ko ba kowa a kanta.

Ba na cizon hannun da ya ba mu.
Diddigen Zali ya warke, na shafa da yatsana.
Illa ya sayar da babur, yana dira kamar balbela.
Mutumin kirki ne, bai sayi kowa ba,
mu ne muka riƙa miƙa masa canjin da bai tambaya ba.

Jiya na riga kowa zuwa.
Da alƙalamin da na rubuta sifiran nan
na mai da rawar makoki saman jeri.
Yau Alhamis. Ga ƙarar motarsa a bakin ƙofa.
Na ce wa mai ganga, Abarshi, buga a hankali,
kada ka tsallake ko taku ɗaya.
Ni kuma zan zauna inda ba na ganin agogonsa.